Makarantar Gwangwani ta Kofur Armaya'u

Kowace Alhamis, tun kafin mahauta su gama rataye nama a kasuwar Batsari, Kofur Armaya'u ya riga ya jingine kekensa a gindin tsamiya ya shimfiɗa buzu. Ba ya gaggawa. Sai ya hura gawayi a ɗan kaskonsa, ya cusa ƙarfen likin dalma a ciki, ya jera almakashi da guduma da ƙusa ta hannun dama, tsofaffin gwangwanaye da garewanin kananzir ta hannun hagu. Daga nan ya ciro wata sarƙa daga aljihun tsohuwar rigarsa ta soja, ya rataye ta a reshen da ke bisa kansa. Sai ta daina lilo sannan yake amsa gaisuwa yadda ya kamata. Ranar kasuwar Safana ma haka yake yi, sai dai can a gindin kanya yake zama.

In ka tambayi baƙo ko wane ne wannan, zai ce maka maƙerin gwangwani ne, kuma bai yi ƙarya ba. Rabin fitilun aci-balbal da ke ci tsakanin Batsari da Safana daga hannunsa suka fito. Yana yin mazurari, yana yin moɗa, yana like bokitin da ya huje. Amma ba saboda fitila muke masa wannan jinjina ba. Akwai wani aiki da ya yi shekara goma sha uku yana yi, tun dawowarsa daga yaƙin Bama. Ba En'e ce ta ɗauke shi ba, ba Di'o ne ya sa shi ba, kuma babu takardar da sunansa yake ciki a Katsina. Wannan aikin yana rataye ne a reshen da na faɗa.

Sarƙar nan waya ce da aka zura wa 'yan alluna na gwangwani, kowanne bai fi faɗin yatsu uku ba. Da yake duk gwangwanin da ya zo ƙasar nan da rubutun Turanci yake zuwa, Kofur ba ya sa almakashi sai ya karanta. In ya ga kalmar da babu ita a sarƙa, sai ya yanke ta a hankali, ya goge bakin don kada ta yanki mutum. A bayanta kuma ya sa ƙusa ya zana abu biyu da ajami: yadda ake furta ta, da abin da take nufi. Ka juya allon da aka buga wa sugar, ka ga an zana shuga, ƙarƙashinsa sukari. Ka juya soap, ka ga sop, ƙarƙashinsa sabulu. Kalmar da gwangwani bai zo da ita ba, shi yake buga ta da tsinin ƙusa, ɗigo bayan ɗigo. Yanzu allunan sun yi yawan da in iska ta kaɗa su, daga rumfar masu gishiri kana jin ƙararsu.

Da wannan sarƙa yake koyarwa, hannu na aiki baki na aiki. Samari masu neman aikin lebura a hanyar mota suna zuwa. Masu son shiga ɗan doka suna zuwa. Fatake masu kai fata da gyaɗa Kano suna zuwa, don sun gaji da tsayawa kamar gunki ana magana a kansu. Har malamin ajin yaƙi da jahilci yakan raɓo, wai ya zo gyaran fitila, alhali fitilar lafiyarta lau.

Wurin furuci ne ake shan dariya. Kofur yana da 'yar auduga da yake ajiyewa a bayan kunne. In aka zo kan harafin nan da Turawa suke rufe leɓe su sake shi da ƙarfi, sai ya riƙe audugar a gaban bakin ɗalibi ya ce, “Faɗi pen, alƙalami ke nan. In audugar ba ta yi tsalle ba, ba ka faɗa ba.” Mu kuwa Katsinawa an san halinmu, sai mutum ya tattara ƙarfinsa ya ce hwen, audugar ta ɗan karkata kamar mai jin barci. Muntaka mai fata ya yi kasuwa huɗu yana fama da wannan auduga, gemunsa na rawa, kafin ta amsa masa. Ran da suka zo kan knife, wato wuƙa, Kofur ya ce a ce naif, a bar harafin farko ya yi zamansa. Muntaka ya ce to mi ya sa aka rubuta shi? Kofur ya ce shi ma ya tambayi wani sajan Bature, sajan ya ce bai sani ba, saboda haka kowa ya yi haƙuri.

Sai dai makarantar tana da doka guda, kuma a kanta aka fi jin haushinsa. Kowa ya zo, abin da yake so shi ne kalmomi masu daɗi: yadda ake gaida Bature da safe, yadda ake cewa na gode, yadda ake cewa ranka ya daɗe. Kofur yana bayarwa. Amma ba ya ba ka mai daɗi sai ka haɗa da mai ɗaci. Masu ɗacin su ne waɗanda ba a gaisuwa da su, ba a neman aiki da su, rubuta su kawai ake yi a jikin kaya a wuce. Danger, denja, haɗari. Stop, tsaya. Uwarsu duka kuma ita ce allon farko a sarƙar, wani tsohon gwangwani mai jan rubutu da ya fara koɗewa: poison, poizin, guba. Wannan ba furuci kaɗai yake so ba. Sai ya share ƙasa da tafin hannu ya zana ta da manyan baƙaƙe, ya ce ko wanda bai san bihim ba ya riƙe kamanninta: ga ƙwai nan biyu, ga taɓarya da maciji a tsakaninsu. Kowace kasuwa sai ya zana, har wurin ya yi laushi.

Mutane da yawa sun bar makarantar saboda wannan. Wasu sun ce soja ya taɓa masa kai. Ba su san dalili ba, domin Kofur ba mai ba da labarin yaƙi ba ne. Labaran mahauci ne kaɗai ya taɓa jin zancen daga bakinsa, shi ma sau ɗaya. A dajin Bama yana da aboki, Daudu, mutumin Yasore, wanda suka shiga soja rana ɗaya. Wata rana bayan doguwar tafiya ƙishirwa ta kai musu ko'ina, sai suka tarar da wata yasasshiyar garwa da ruwan sama ya taru a ciki. Akwai jan rubutu a jikinta, manya-manya. Daudu ya duba, Armaya'u ya duba, babu wanda ya san abin da aka ce. Armaya'u ne ya ce, “Ruwa ne mana, sha ka ba ni.” Daudu ya fara sha don shi ne babba. Kafin ya miƙo garwar aka busa usur, aka tashi. Daudu bai kai la'asar ba. Armaya'u ya koma ya nemo garwar, daga jikinta aka yanko allon farko.

Tun daga ranar Armaya'u ya zama kaska a jikin duk wanda ya iya Turanci, yana tambayar kalma ɗaya kullum. Shi ya sa har gobe in ka kawo masa gwangwani mai jan rubutun nan ka ce ya yi maka moɗa, zai karɓa ya daddatsa shi ya binne, ku yi faɗan da za ku yi.

A kasuwar Safana, maƙwabciyarsa ta gindin kanya ita ce Tasalla mai fura, wata dattijuwa daga Zakka. Ta girme shi da kaɗan, kuma ba ta taɓa raga masa ba.

“Kofur, kai dai ka hana kowa sakat,” in ji ta. “Mutum ya zo shan fura, ka tare shi da hwoi-hwoi kamar mai hura wuta.”

“Yaya Tasalla, ke ma matso ki amshi taki kalmar.”

“Ni mi ya haɗa ni da Bature? Furata ba ta jin Turanci, kuma tana ƙarewa.”

Haka suka yi shekaru. Ɗanta na fari, Hamidu, ya taɓa zuwa makarantar kasuwa biyu. Ya karɓi gaisuwar safe, ya karɓi na gode. Da aka share ƙasa za a zana masa mai ɗaci, sai ya miƙe ya kaɗe wandonsa ya ce, “Baba Kofur, wannan ai ba ta ba mutum aiki.” Bai sake zama ba.

Shekara shida ke nan da abin da ya faru a Zakka, kuma mutanen da suka gani suna nan da ransu. Shekarar ce da ruwa ya ɗauke da wuri, bazara ta zo ta tarar da rumbuna wayam. A cikin wannan hali matar Hamidu, Uwani, ta haifi 'ya mace, haihuwar fari. Hamidu ya shiga damuwa. Mai jego na bukatar kunu, baƙi za su zo suna, gida babu ko ƙwayar hatsi. Sai Allah ya haɗa shi da wani baƙon falke a bakin hanya, wanda ba a san daga inda ya fito ba, yana sayar da dawa da araha. Dawar fes, kamar an wanke ta. Hamidu ya ɗauko buhu guda ya shigo gida yana tafiya irin ta mutumin da ya fita kunya.

Jajibirin suna da hantsi mata suka taru za a yi surfe. Aka juye dawar a manyan ƙore. Macen da ta taɓa ganin yunwa kuwa ba ta yarda buhu ya ƙare sai ta juyo cikinsa waje ta kakkaɓe. Tasalla ta yi haka. 'Yan ƙwayoyin da suka maƙale a kusurwa suka zubo, kaji suka rugo suka tsince. Sai ta ga ashe buhun dama a juye aka ɗinke shi, bayansa ne aka mayar ciki. Ga jan rubutu nan ɓaro-ɓaro. Ba ta san karatu ba, ko na allo bai yi nisa ba. Amma shekara bakwai tana dama fura tana kallon ƙasar da ake sharewa kusa da ƙafarta. Ga ƙwai biyu, ga taɓarya da maciji a tsakani.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta je ta kifar da turmin, ta hau ta zauna a kai. Mata suka tsaya da taɓare a hannu suna kallon juna, don zama a kan turmi ba abin da babbar mace take yi ba ne. Aka kira Hamidu daga zaure.

“Inna, lafiya?”

Ba ta kama sunansa, da yake ɗan fari ne. Ta ce, “Kai wannan, ba a daka dawar nan.”

“Saboda mi?”

“Abin da Kofur ke zanawa ne a jikin buhunka. Mai ɗacin.”

Wata daga cikin matan ta yi dariya ta ce ashe Gwaggo ta fara karatun boko ba a sani ba. Ran Hamidu ya ɓaci. Ya ɗebo dawar ya shinshina, ya nuna wa kowa. Ya ce gobe suna, mutane za su zo daga Safana da Yasore, in ba a daka wannan ba mi za a ba su? Uwani tana ɗaki tun safe ba ta sa komai a cikinta ba, kunun farko nata ne. Tasalla ta ji duk wannan, kuma ta san gaskiya ne. Ita kanta ba ta da tabbas. In ta yi kuskure, ta kunyata ɗanta a gaban dangin matarsa a kan zanen ƙasa, kuma har ta mutu za a riƙa ba da labarin tsohuwar da ta hau turmi. Duk da haka ta gyara zama.

“Yau kasuwa,” ta ce. “Shina gindin kanya. Kai mashi buhun. In ya ce ba ita ba ce, ni da kaina zan yi surfen, in roƙi kowa gafara.”

Hamidu ya ari keke ya tafi, ba don ya yarda ba, sai don ya kawo ƙarshen maganar. Ya tarar da Kofur yana like bokiti, ya jefa buhun a gabansa. Kofur ya shimfiɗa shi, ya duba. Ya miƙe ya sauko da sarƙar, ya ware allon farko ya aza kusa da jan rubutun.

“Kai ka duba, Hamidu. Harafi da harafi.”

Hamidu ya duba. Babu bambanci ko kaɗan. Amma ya ce, “Baba Kofur, wataƙila buhun ne kawai. Tsohon buhu aka samu aka zuba.”

Wani da ya fi son a ce ya sani, da ya buga ƙirji ya yanke hukunci. Kofur cewa ya yi, “Gaskiya ne. Buhun na sani, dawar ban san ta ba. Sauran rubutun cewa ya yi iri ne na shuka, an gauraya shi da maganin ƙwari, ba na ci ba ne. Ko shi ne a ciki, ko ba shi ba ne, sai mun je. Wa ya ci?”

“Babu. Inna na kan turmi.”

Kofur ya bar kaskonsa na ci, ya bar bokitin mutane, ya hau keke. Masu rumfa sun ce ba su taɓa ganin dattijon nan ya taka keke haka ba. Suna shiga gidan a Zakka suka tarar tsakar gida tsit. Tasalla tana nan inda aka bar ta, rana ta dawo kanta. A gabanta kuwa kaji uku ne kwance, waɗanda suka tsinci abin da ta kakkaɓe. Biyu sun riga sun sandare, ɗaya tana shure-shure. Matar da ta yi dariya ɗazu tana gefe ta rufe fuska da mayafi.

Hamidu ya durƙusa gaban uwarsa. Kofur kuwa ya tsaya yana kallon ƙoren dawa cike, da taɓaren da aka jingine, da ƙofar ɗakin da jaririya take kuka. Sai ya zauna a ƙasa. Waɗanda suke kusa sun ji ya ce a hankali, “Daudu, wannan karon an karanta.” Ba su san ko wane ne Daudu ba, kuma ba su tambaya ba.

Bai tsaya a yi masa godiya ba. Ya kai buhun wurin dagaci, aka sa sanƙira ya zaga, aka aika Batsari da Yasore. An samu buhu uku irinsa a wasu gidaje, ba a kai ga taɓa ko ɗaya ba. Malamin gona da ya zo daga baya ya ce iri ne aka wanke masa launi aka fito da shi. Shi kuma Kofur ya koma kasuwa ya bi ɗalibansa rumfa-rumfa da ƙwarya a hannu, wannan ya zuba gero, wancan ya zuba wake, Labaran ya yanko nama. Washegari aka raɗa wa yarinya suna Safiyatu, baƙi suka ci suka ƙoshi.

Kofur, kai ne ka zauna a gindin itace ana maka kallon mai taɓin hankali, ba ka fasa share ƙasa ba. Kai ne aka guje wa saboda ka ƙi raba mai daɗi da mai ɗaci, kuma da ka sassauta da makarantarka ta fi haka cika. Kai ne ka koya wa wadda ta rantse ba ta koyo. Muna da masu Turanci a ƙasar nan da suka fi ka nesa ba kusa ba, amma da yawansu sun kulle shi a aljihu suna razana talaka da shi. Kai kuwa naka ka rataye shi a reshe inda hannun kowa zai kai. Ina faɗa ba tare da kunya ba, muna son ka, dattijon gindin kanya.

Bana idonsa ya yi hazo, hannunsa kuma ya fara rawa har dalma tana ɗiga inda ba a so. Kasuwar Safana da ta wuce ita ce ta ƙarshe a gare shi. Ya sauko da sarƙar ya miƙa wa Hamidu, wanda tun bayan sunan nan bai sake fashin makaranta ba, har ya koyi likin ma. Hamidu ya so ya cire allon farko ya bar masa, da yake yanzu ya san tarihinsa. Kofur ya riƙe masa hannu.

“Bar shi nan. Da shi za ka fara ma kowa. Ana cewa Turawa sun kusa tafiya, to gwangwaninsu ba ya tafiya.”

Tasalla tana gefe tana dama fura kamar ba ta ji. Can sai ta aje ludayi, ta miƙo hannu ta zare audugar da ke bayan kunnen Kofur. Ta riƙe ta a gaban bakinta, ta rufe leɓe, ta ce, “Poizin.” Audugar ta yi tsalle ta faɗa cikin ƙwaryar nono.

“To ka ji,” ta ce. “Kada ka je Batsari kana cewa ba ka da ɗaliba a Zakka.”

Kofur ya yi dariya har sai da ya sa hannun riga ya share ido, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Mun gode, Kofur Armaya'u. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya, ya sa ƙarshenka ya yi kyau. Ku kuma masu karanta wannan, duk wanda ya san kalma ɗaya da maƙwabcinsa bai sani ba, ya share ƙasa ya zana masa, ko da ya ga kamar ba a sauraro. Da muka tambayi Kofur ko akwai abin da yake so a rubuta a kansa, ya ce babu. Sai da muka miƙe za mu tafi ya kira mu ya ce in da wuri a ƙarshen takardar, a sa sunan Daudu na Yasore, a roƙa masa rahama. Ga shi mun sa. Allah ya jiƙan Daudu.